Bajon ƙirji ba ya ganin yatsu

Sistar Tiyata: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu ɗaukar hoton eksire da masana da ke wannan zaure. Sakamakon bajon awon radiyeshin ɗinmu, wanda muke maƙalawa a jiki ya ƙirga hasken eksire da muka sha, ya dawo, nawa an rubuta babu abin da ya hau. Alhamdu lillahi. To amma bajon nan a ƙirji nake maƙala shi, a ƙarƙashin rigar dalma. Ni kuwa idan ana gyaran karayar gwiwar hannun yaro da si-am, wato na'urar eksire da ke nuna ƙashi a allo ana cikin tiyata, ni ce mai riƙe hannun, kuma ina ɗaga kai in ga ƙasusuwan yatsuna a allo gefen na yaron. Sakamakon nan ya haɗa da hannuna, ko a ƙirji ya tsaya?

Rajistaran Ƙashi: Wa alaikumus salam, Sista. Abin nan ya daɗe yana cin raina. Mu idan aka kwaso mutane daga hatsari a Hawan Kibo ko hanyar Bauchi, kwana muke muna zura ƙarfe a cinya. Wurin ɗaure sukurun ƙasa ne aikin yake: a juya na'ura har ramin ƙarfen ya fito zagaye sak a allo, ka ɗora bakin diril a tsakiyarsa, a taka fedar da ke kunna haske, ka ɗan gyara, a sake takawa. Duk wannan lokaci hannun hagu na nan a bakin wurin. Zoben awon radiyeshin da ake sawa a yatsa kuwa a littafi kawai na san shi.

Malamin Fiziks: Sista, a ƙirji ya tsaya. Bajon da ke ƙarƙashin riga yana ƙirga abin da ya ratsa dalmar ya kai ga gangar jiki, kuma riga mai lafiya tana tare mafi yawan hasken da ke warwatsuwa, shi ya sa aka rubuta miki babu komai. Hannun da ke waje lissafinsa daban, iyakarsa ma daban. Hukumar ICRP, wadda ƙasashe ke bin shawararta a wannan fanni, ta ce kada gangar jikin ma'aikaci ta wuce milisibat 20 (ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha ke nan) a shekara idan aka raba a kan shekara 5, kuma kada ta haura 50 a shekara guda. Hannu da ƙafa da fata 500 ne a shekara. Ta ido da 150 ce, a 2011 aka sauko da ita zuwa 20.

Mutum zai ji 500 ya ce ai da sauran fili. Gaskiya ne, muddin hannun yana gefe. Abin da ke warwatsuwa daga jikin majinyaci, idan ka ja baya mita 1, kusan kashi 1 cikin 1,000 ne na abin da ke dukan fatarsa. Amma ranar da kika ga ƙashin yatsanki a allo, ba a gefe kike ba, kina cikin ainihin hasken da aka saita wa majinyacin. Shi sau ɗaya ko biyu zai sha a rayuwarsa. Ke kuwa duk mako kina can.

Baba Mai Hoto: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tayar da maganar nan. Sana'armu da hannu ta fara. Wilhelm Rontgen ya gano hasken eksire a Jamus a ƙarshen 1895, kuma hoton da ya zaga duniya na hannun matarsa ne, har da zobenta. Mutanen farko idan za su gwada ƙarfin na'ura da safe, hannunsu suke miƙawa su duba ko ƙashi ya fito. Clarence Dally, wanda ke yi wa Thomas Edison aiki a Amurka, haka ya yi ta yi har gyambo ya kama shi, aka yanke hannuwansa biyu, ya rasu a 1904. A birnin Hambug akwai dutsen tunawa da aka kafa a 1936 a harabar wani asibiti, an zana sunayen likitoci da masu hoto da nas-nas da hasken ya yi ajalinsu. Muna cewa jiki magayi, amma a nan jiki ba ya gaya maka komai. Babu zafi, babu ƙaiƙayi, sai bayan shekaru.

Babban Likitan Ƙashi: Baba, ina girmama ka, amma bari in faɗi nawa. Na'urar Edison daban, ta yau daban. Na daɗe ina aiki da si-am, yatsuna goma suna nan lafiya lau, haka na abokan aikina. Gwiwar yaro ɗan shekara shida ba kauri gare ta ba, hasken da ake bukata kaɗan ne. Abin da nake tsoro shi ne a firgita yaranmu har nas ta saki hannu daidai lokacin da na daidaita ƙashi. Masu wannan aiki sun sani, jijiyar jini da jijiyoyin motsi suna nan manne da karayar. Ƙashin ya goce, waya ta bi inda bai kamata ba, yaro ya tashi da shanyayyen hannu har abada. Wannan illa ce da nake gani da idona. Waccan kuwa ta takarda ce.

Rajistaran Ƙashi: Cif, ranka ya daɗe, maganar gocewar ƙashi gaskiya ce. Sai dai ba kowane taku ne ake yi ana tsakiyar riƙo ba. Sau da yawa an riga an soka waya biyu, ƙashi ya tsaya, amma hannun mai riƙo yana nan a wurin saboda babu wanda ya ce masa ya janye.

Malamin Fiziks: Yallaɓai, rabin maganarka ina tare da kai. A ƙasashen da ake sa zobe ana aunawa, akasarin likitocin ƙashi ba sa kaiwa 500 a shekara. Wannan haka yake, kuma bai kamata a ɓoye shi don a tsorata mutane ba. Amma waɗancan mutane ne da aka auna, a kan na'urorin da ake duba ƙarfinsu a kai a kai. Mu nan na'urori da yawa na hannu ne, an yi aiki da su a wata ƙasa kafin su iso. Kan da ke karɓar hoto idan ya tsufa ganinsa yana raguwa, ita kuma na'urar an ƙera ta ne ta ƙara wa kanta ƙarfi duk lokacin da hoto ya yi duhu. Kai kana ganin hoto kamar na jiya, ba ka san ta ninka abin da take fitarwa ba.

Ga lissafi. Dokar Amurka ta ƙayyade cewa a aikin yau da kullum kada irin waɗannan na'urori su wuce miligire 88 (ma'aunin hasken da na'ura ke fitarwa) a minti. A hasken eksire, miligire 1 a fata daidai yake da milisibat 1. Hannun da ya tsaya a gaban haske mai wannan ƙarfi zai cinye rabonsa na shekara kafin minti 6. Aikin gwiwa ko idon sawu ba ya kusantar wannan ƙarfin idan na'ura lafiyayya ce, nesa ma ba kusa ba. Tambayata ita ce, yaushe rabon da a auna abin da taku ke fitarwa?

Babban Likitan Ƙashi: Wannan tambaya ta masu gudanarwa ce, Malam, ba tawa ba. Amma na ji ta.

Ɗalibar Hoto: Ina wuni iyayena da yayyena. Don Allah a yi haƙuri in sa baki. Na ga ana sayar da safar hannu ta tiyata mai dalma a ciki. Idan asibiti ya saya wa Anti Sista, ba shi ke nan ba?

Babban Likitan Ƙashi: Yawwa, 'yata ta kawo mafita. Wannan zan iya rubutawa a saya. Kowa ya sa safa, aiki ya ci gaba.

Baba Mai Hoto: Cif, a nan kam ka dakata. Safar nan ta fi cutar da wanda ya amince da ita. Dalili shi ne abin da Malam ya faɗa ɗazu: na'urar tana kallon hoton da ke isowa gare ta. Ka sa hannu mai safar dalma a tsakiyar fili, ita ba ta san safa ba ce, abin da ta gani shi ne wani abu mai kauri ya tare hanya, sai ta ƙara wuta don ta ratsa shi. Majinyaci ya sha ƙari, mai tsaye a gefe ya sha ƙari, yatsan da ke cikin safar ma bai tsira ba. Sannan safar siririya ce, dole ta zama siririya don a iya jin ƙashi da ita. Ba a haɗa ta da riga mai kaurin dalma milimita 0.35 ko 0.5. Tana rage wani abu idan hannun na gefen fili. Idan yana ciki, babu alheri. Ga tsada, ga kuma rage jin yatsa, wanda kan sa aiki ya ƙara tsawo.

Babban Likitan Ƙashi: To idan safa ba ta yi, a gaya mini abin da ke yi. Ba zan daina aiki ba.

Baba Mai Hoto: Babu mai cewa ka daina. Tun muna yara a aikin nan abu uku aka karantar da mu, lokaci da nisa da shamaki, kuma ga hannu biyun farko ne ke aiki. Nisa ba sai ya yi yawa ba. Idan ka ninka tazara, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Dogon hantsaki da zai riƙe bakin diril ko wayar ya fitar da yatsu daga fili baki ɗaya. Rajistara, wurin sukurun ƙasa, ka kafa tsinin a ƙashi ya ɗan kama, ka riƙe shi da hantsaki daga nesa, a ɗauka, a saki feda, sannan ka mayar da hannu. Hoton ƙarshe yana nan daskare a allo, ka kalle shi iya son ranka kyauta. Yawan takun da nake gani a da, ana takawa ne ana tunani. A saki feda a yi tunanin.

Sannan a tsuke filin. Na'urar tana da marufai da ke rufe haske ta gefe. Mai hoto ya rufe su har sai ƙashin da ake so kaɗai ya rage. Yatsan da da zai shiga hoto ya koma waje, hoton ma ya fi fita tas saboda warwatsuwa ta ragu. A guji ƙara girman hoto ba dalili, yana ƙara ƙarfin haske. A sa ta a mai ɗigo-ɗigo maimakon mai zuba babu yankewa.

Nas ɗin Farin Gada: Mu dai a wurinmu madara ake ce mana mu sha bayan aiki, wai tana wanke shi.

Malamin Fiziks: Ba ta wanke komai, ɗan'uwa. Hasken eksire ba ya zama a jiki, ba ya zama a ɗaki. Ana sakin feda ya ɗauke. Abin da zai yi wa ƙwayoyin fata ya riga ya yi a daƙiƙar da ya ratsa. Ka sha madara don lafiyarka, amma kada wani ya ba ka ita a madadin bajo.

Likitar Zuciya a Abuja: Barkanku da dare. Ni daga ɗakin zura bututu a jijiyar zuciya nake magana, inda muke tsayawa a ƙarƙashin haske fiye da kowa. Mu hagunmu ce ke shan wuya, domin a daman majinyaci muke tsayawa, kan da ke fitar da haske kuma yana ta hagunmu. Wani babban bincike da aka yi a Turai mai suna ORAMED, tsakanin 2008 da 2011, ya auna hannuwa da ƙafafu da idanun masu irin aikinmu, ya ga ɓangaren da ya fi kusa da kan na'urar shi ya fi ɗauka, kuma shamakin da ke rataye daga rufi da labulen dalma na gefen gado suna ragewa ƙwarai idan an sa su daidai. Wurin sa batirin zuciya ya fi tsanani ga hannu, saboda a ƙirji kake aiki, dab da inda ake haskawa.

Abin da na koya wa yarana shi ne su bambance kallo da ɗauka. Lokacin da ake ɗaukar hoto mai motsi don adanawa, ƙarfin hasken ya ninka na kallon yau da kullum sau goma ko fiye. A wannan lokacin ne ake ja da baya, a ƙara wa bututun allura tsawo don hannu ya yi nisa. Kuma mun sauke saurin hoto daga 15 a daƙiƙa zuwa 7.5. Makon farko ido yana ƙorafi, daga baya ya saba. Cif, ba na jin wannan ya taɓa sa na rasa jijiya.

Rajistaran Ƙashi: Dokta, na gode. Ga wata kuma. A littafi an ce kan haske ya kasance a ƙarƙashin gado, mai karɓar hoto a sama. Amma a aikin gwiwar yara mukan kifa na'urar, mu mayar da mai karɓar hoton ya zama teburi, a ɗora hannun yaron a kai. Wannan laifi ne?

Malamin Fiziks: Tambaya mai kyau, kuma amsarta ba a miƙe take ba. Warwatsuwa ta fi yawa a gefen da haske ya shiga jiki, kamar ka fesa ruwa da tiyo a jikin bango, mai riƙe da tiyon ne ke jiƙewa, ba wanda ke bayan bangon ba. Shi ya sa ake son kan a ƙasa, abin da ya dawo ya tafi ƙafafu inda labule da riga suke. Shi ya sa kuma idan an kwantar da na'urar don hoton gefe, ka tsaya ta wajen mai karɓar hoto idan da hali.

A kifen da kuke yi akwai riba ɗaya: hannun yaron yana manne da mai karɓar hoto, yana nesa da kan haske, wannan kuwa yana rage abin da ake bukata. Hasarar ita ce duk yatsan da ya hau kan gwiwar, shi haske zai fara tararwa kafin ya kai ga yaron, sannan abin da ya warwatsu sama yake yi, wajen fuska da wuya. Saboda haka ba zan ce ku daina ba. Zan ce idan kun kifa, a riƙe daga wuyan hannu da kafaɗa, a tsuke fili, a sa abin kare maƙogwaro, mai tabarau na dalma ya sa.

Likitan Fata: Bari in sa baki kafin kowa ya fara duba hannunsa cikin fargaba. A Jos, da sanyinmu da hunturu, ga wankin hannu na tiyata sau da yawa a yini, ga safar roba, kusan duk ma'aikacin tiyata fatarsa na bushewa tana tsagewa. Wannan yawanci hannu biyu yake kamawa, yana shiga tsakanin yatsu, yana ƙaiƙayi, kuma idan mutum ya tafi hutu sai ya lafa. Illar radiyeshin ta tsawon lokaci ba haka take ba. Bayan yatsu take kamawa, galibi hannun da ya fi kusantar haske. Fata ta yi siriri tana sheƙi, gashin bayan yatsu ya zube, farce ya yi layi-layi yana karyewa, wasu wurare su yi tauri kamar kanta. Hutu ba ya mayar da ita. Abin da muke gudu shi ne waɗannan wurare masu tauri su rikiɗe su zama kansar fata. Duk gyambon da ya ƙi warkewa a yatsan mai wannan aiki, a yanki kaɗan a kai ɗakin gwaji, kada a yi ta shafa mai.

Jan fata na nan take kuwa sai an sha wajen gire 2, wato miligire 2,000, a zama ɗaya, zubar gashi wajen gire 3. Wannan ya fi faruwa ga bayan majinyacin da aka daɗe ana haskawa, ba ga ma'aikaci ba. Ma'aikaci nasa a hankali yake taruwa.

Ɗan Bukuru: Ni abin da ke ɗaure mini kai, mu da muka tashi a kan tudun kuza, ana cewa yashin da aka wanke kuza ma yana da radiyeshin. To wanne za mu ji da shi?

Malamin Fiziks: Gaskiya ne, ragowar wankin kuza a Filato yana ɗauke da ma'adinai irin su monazait masu toriyom a ciki, kuma bai dace a yi gini da shi ba. Magana ce babba da ta cancanci ranarta. Amma waccan ba ta rage wannan, ƙari take yi a kai.

Matiron: Na yi shiru ina karantawa tun ɗazu. Kowa yana maganar hannun likita da na nas. Ku gaya mini, ƙarfe biyun dare idan aka shigo da mai karayar cinya, wa ke jan ƙafar? A inda nake aiki, wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ɗakin. Likita sabon fitowa, ɗalibi, wani lokaci atenda da aka kira daga bakin ƙofa. Rigunan dalma ba su isa kowa ba, manya ne ke ɗauka, wadda ta rage an ninke ta an jefa a kan kujera har dalmar ta karye a ciki. Atendan nan ba shi da bajo, sunansa ba ya cikin jerin waɗanda ake aunawa, ba ya cikin wannan zaure, kuma ba zai taɓa cewa Cif a dakata in gyara riƙo ba. Idan yarinya ce mai ƙaramin ciki da ba ta faɗa ba tukuna, ba za ta buɗe baki a gaban maza ta ce a canza ta ba. Ni wannan ne ke hana ni barci, ba zobe ba.

Sistar Tiyata: Mama, wallahi kin taɓo inda yake mini ciwo. Ni ko ba komai ina da bajo.

Malamin Fiziks: Mama Matiron, doka tana bayanki. Hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya da radiyeshin a Najeriya, da ke Abuja, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin mallakar na'urorin nan. Ƙa'idojinta na 2003 sun ɗora wa mai lasisi, wato asibiti, alhakin auna ma'aikatan da ke shiga wurin haske da naɗa jami'in kula da kariya. Ba a ce likitoci kaɗai ba. Mai ciki kuwa, da zarar ta sanar, ƙa'idar duniya ita ce kada abin da ke cikinta ya sha fiye da milisibat 1 har ta haihu. Ba korarta ake yi daga aiki ba, gyara mata wurin tsayuwa ake yi. Rigar dalma kuma ratayewa ake yi, kuma a haska ta aƙalla sau ɗaya a shekara a ga ko ta tsage.

Baba Mai Hoto: Magana ta zo inda nake jira. Duk dabarun da na lissafa, ɗalibin shekarar farko ya san su. Abin da ya rage shi ne wa ke da bakin magana a ɗakin. Shawarata, feda ta koma ƙafar mai hoto, ko maɓalli a hannunsa. Kafin ya taka ya ce "haske" da ƙarfi kowa ya ji. Idan ya ga hannu a fili ya ce "hannu", ya dakata har a janye. Ba rashin kunya ba ne, aikinsa ke nan da hukumar rajistar masu hoto ta ba shi lasisi a kai.

Babban Likitan Ƙashi: A nan muka rabu, Baba. Tiyata shugaba ɗaya gare ta. Ba zai yiwu ina riƙe da ƙashin da na sha wuya na daidaita ba, yaron da ya gama makaranta bara ya ce ba zai taka ba. Akwai daƙiƙar da dole hannu ya zauna.

Likitar Zuciya a Abuja: Cif, akwai ta, ban musa ba. Amma ta zama daƙiƙar da kai ka zaɓa da saninka, ka ce "na sani, taka", kuma ya zama hannunka ne ko na wanda ke da zobe. Abin da Mama ke faɗa shi ne kada ya zama hannun wanda ba a tambaye shi ba.

Babban Likitan Ƙashi: Wannan zan iya zama da shi. Ya faɗa, ni in yanke.

Rajistaran Ƙashi: Akwai kuma hanyar rage takun tun daga tushe. Gadon jan ƙafa idan yana aiki, babu bukatar mutum ya ja. Sannan ƙarfen nan na SIGN, wanda wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Lewis Zirkle, ya kafa ƙungiyarsa a 1999, an ƙera shi ne da sandar saiti ta waje don a ɗaure sukuru ba tare da si-am ba. Don asibitocin da ba su da na'ura aka yi shi, amma ribarsa ta zo har nan. Masu soka allura a ƙoda ko hanta su ma, inda na'urar sikanin mai amfani da sauti za ta nuna hanya, babu radiyeshin a cikinta sam.

Ɗalibar Hoto: Malam, idan an samu zoben, a wane yatsa ake sawa? Kuma ba zai ɓata tsabtar tiyata ba?

Malamin Fiziks: A hannun da ya fi kusantar haske, ba lallai wanda kike rubutu da shi ba. Ɗan ƙwayar da ke awon ya fuskanci inda hasken ke fitowa. Ana tsabtace shi da ruwan magani yadda kamfanin ya tsara, a sa safa a kansa. Kada a kai shi tukunyar turara kayan aiki, zafi yana goge abin da ya ƙirga. Ki sani kuma tsinin yatsa kan sha fiye da gindinsa inda zoben yake, don haka lambar da ta fito ba ita ce mafi girma ba. Ba sai an saya wa kowa ba. A fara da masu yawan shiga, a yi wata uku, a ga lambobin. A wasu ƙasashe wanda ake ganin zai iya wuce kashi 3 cikin 10 na iyakar, wato 150 a shekara, shi ake sa wa ido na musamman.

Kafin kuɗin zobe ya fito kuwa, akwai awon da ba ya cin ko sisi. Na'urar tana adana hotuna, tana kuma rubuta jimlar lokacin haske na kowane aiki, har tana ƙara idan an cika minti 5. A buɗe littafi, a rubuta lokacin, a rubuta sunan wanda ya riƙe. Ƙarshen wata a zauna a duba hotunan a ƙirga nawa ne yatsu suka fito a ciki.

Matiron: Littafin nan ni zan buɗe shi. Sunan atenda zai shiga kamar na kowa, kuma da shi zan je ofis neman bajo da ƙarin riguna.

Babban Likitan Ƙashi: A rubuta, amma kada ya zama littafin kama masu laifi, in ba haka ba kowa zai riƙa goge hoto. Malam, ka turo mini yadda ake neman a zo a auna na'urar, zan sa hannu a takardar. Rajistara, ranar Talata akwai cinya a jerin aikina. Ka tabbata an dafa dogon hantsaki an sa a tire, kuma mai hoto ya shigo kafin a fara, ba sai an aika kiransa ba.